Daga 22,988 Zuwa 1,275: Abin da Alƙaluman Kai Marayu Ƙasashen Waje Ke Faɗa wa Bauchi

A shekarar 2004, Amurkawa sun ɗauko yara 22,988 daga ƙasashen waje suka mayar da su 'ya'yansu a gaban hukuma. A 2023, yara 1,275 kacal suka shiga ƙasar ta wannan hanya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke fitar da wannan lissafi duk shekara. In aka raba shi bisa kwanaki, a da kusan yara 63 ke sauka kullum, yanzu ko huɗu ba su cika ba, ragin da ya haura kashi 94 cikin 100. Lissafin duniya baki ɗaya ma haka ya bi. Peter Selman na Jami'ar Newcastle a Ingila, wanda ya daɗe yana tattara alƙaluman ƙasashen da ke karɓar yara, ya ƙirga kimanin 45,000 a 2004, daga nan kuma sai gangara.

Mutumin Bauchi zai iya cewa ina ruwansa, tunda a nan tun kafin a watse zaman makoki an san gidan baffa ko kawun da maraya zai koma. Da ruwansa kuwa, ta fuska biyu. 'Yan asalin jihar da ke zaune a Ingila da Amurka da Kanada kan so ɗauke ɗan wa ko 'yar ƙanwa da aka mutu aka bari, sai su tarar da tulin takardu da jiran shekaru. Sannan yaran Bauchi na cikin waɗanda aka sace aka sayar wa masu neman 'ya'ya, kuma irin wannan satar ce ta sa ƙasashe suka ƙara tsanani. Duk takardun nan tambaya ɗaya suke son amsawa: yaron nan ɗan wane ne, kuma da gaske ba shi da mai riƙe shi a gida?

Ƙofofin da aka rufe

Yawancin ragin ya fito ne daga ƙasashe 'yan kaɗan da a da su ke cika jiragen. Guwatemala ta tura yara fiye da 4,700 Amurka a 2007, wato kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 da aka haifa a ƙasar. Da aka bankaɗo yadda lauyoyi da dillalai ke sayen jarirai, wasu ma a sace su, sai aka rufe harkar daga farkon 2008. Rasha ta haramta wa Amurkawa daga 1 ga Janairun 2013. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta daina bai wa yaran izinin fita a Satumban 2013, Kenya ta dakatar a Nuwamban 2014. Habasha, wadda ta tura fiye da 2,500 Amurka a 2010, majalisarta ta hana baki ɗaya a Janairun 2018. Mutuwar wata yarinya 'yar Habasha a hannun masu riƙonta a jihar Washinton a 2011 na cikin abin da ya tunzura mutanen ƙasar.

Babbar ƙofar ita ce ta Sin. Daga 1992 ta tura yara fiye da 160,000 waje, kusan rabinsu Amurka, sannan ta rufe daga 28 ga Agustan 2024, sai dai ga dangi na jini da 'ya'yan miji ko na mata. Koriya ta Kudu kuwa, wadda ta tura kimanin 200,000 tun bayan yaƙin da ya tsaya a 1953, hukumar bincikenta ta bayyana a Maris ɗin 2025 cewa an rubuta yara masu iyaye a matsayin tsintattu, an musanya wa wasu suna, kuma gwamnati na da laifi a ciki. Masu karɓa su ma sun ja da baya. Holan ta dakatar a Fabrairun 2021 bayan rahoton wani kwamitin bincike, kuma hukuma ɗaya tilo da ke wannan aiki a Denmak ta sanar da dainawa a Janairun 2024.

A tsakiyar wannan duka akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ranar 29 ga Mayun 1993, wadda ƙasashe fiye da 100 suka shiga, Amurka kuma ta fara aiki da ita ranar 1 ga Afrilun 2008. Tsarinta mataki uku ne: a fara neman dangin yaro, in babu a nemi gida a cikin ƙasarsa, in duk ya faskara sannan a duba waje. Gana ta shiga a 2017, Benin a 2018, Nijar a 2021. Najeriya ba ta shiga ba, don haka kowace takarda da ta fito daga nan sai mai karɓa ya bi diddiginta da kansa, ba wata hukuma guda ta ƙasa da zai dogara da hatiminta.

173 cikin miliyan 7

Yaran Najeriya da aka kai Amurka ta wannan hanya 173 ne a 2018, 116 a 2019, sai 111 a 2021. Duk da ƙanƙantar adadin, Najeriya na sahun gaba a Afirka tun da Habasha ta rufe. A ƙasar da ake haifar jarirai kimanin miliyan 7 a shekara, 173 na nufin ɗaya cikin 40,000.

Dalilin ƙanƙantar a bayyane yake. Dokar Najeriya a mafi yawan jihohi ba ta yarda baƙo ya ɗauki yaro ba, sai ɗan ƙasa. Dokar Amurka kuma ba ta karɓar takardar neman shigar da maraya sai daga ɗan ƙasarta. Wanda ya cika sharuɗɗan nan biyu shi ne ɗan Najeriya mai fasfo biyu. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan yara ba baƙi suka ɗauke su ba, 'yan gida ne mazauna waje.

Ta ɓangaren Birtaniya ƙofar ta ƙara ƙunci. Daga 12 ga Maris ɗin 2021 gwamnatinta ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, tare da Kambodiya, Guwatemala, Nepal, Haiti da Habasha. Dalilan da ta bayar huɗu ne: wahalar tabbatar da asalin yaro, takardun da ba a iya dogaro da su, zargin cin hanci a harkar, da shaidar cewa akwai gungun masu fataucin yara. Wanda ke Landan ko Manchesta yana son ɗauko 'yar marigayi wansa daga Bauchi, yanzu sai ya fara roƙon a keɓe shi daga wannan hani kafin a ma buɗe fayil ɗinsa.

Miliyan 140 ko miliyan 15.1?

Tambayar da kowa ke yi ita ce, ga marayu birjik, me ya sa mai nema zai yi shekaru yana jira? Amsar na cikin yadda ake ƙirga su. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta marayu miliyan 140 a duniya a 2015, miliyan 52 daga ciki a Afirka. Amma a lissafinsa duk yaron da ya rasa uwa ko uba maraya ne. Waɗanda suka rasa duka biyun miliyan 15.1 ne, wato kusan ɗaya cikin tara. Kashi 95 cikin 100 na marayun kuma sun haura shekara biyar, alhali masu nema jarirai suka fi so.

A Najeriya adadin da aka fi yawan ambata shi ne miliyan 17.5, daga binciken ma'aikatar harkokin mata ta tarayya na 2008. Wannan adadi ya haɗa marayu da duk yaran da ke cikin halin rauni: masu talla, masu kwana a titi, naƙasassu, da waɗanda iyayensu ke kwance ba lafiya. Binciken lafiya da ƙidayar iyali na 2018 ya nuna kusan kashi 6 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 18 ne suka rasa uwa ko uba ko duka biyun, kuma mafi yawansu uba suka rasa, uwar na nan da ranta.

Duk wanda ya san unguwannin Jahun ko Bakaro ko Makama na garin Bauchi ya san inda waɗannan yara suke. Suna ɗakin kaka, suna gidan goggo, suna hannun uwar da ta fita takaba ta koma gidan iyayenta da su. Abin da suka rasa shi ne mai kawo cefane da kuɗin makaranta, dangi kam suna da su. Wanda doka za ta yarda a kai waje shi ne wanda aka nemi kowa nasa aka rasa, kamar jaririn da aka tsinta, kuma irinsa kaɗan ne ƙwarai. A Indiya, inda ake ajiye lissafin a wuri guda, masu jira sun haura 30,000, yaran da kotu ta sahale a bayar kuwa wajen 2,000 ne. Dole layi ya yi tsawo.

25, 21, 5, 12, 3

Dokar bayar da yaro ta farko a Najeriya ta tsohuwar Jihar Gabas ce ta 1965, Legas ta bi a 1968. Jihohin Arewa ba su yi irinta ba. Sai a 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata. Kano ta yi a Mayun 2023. Bauchi ce ta zo ƙarshe cikin jihohi 36, inda Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar a ƙarshen Disamban 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Batun shekarun aure ne ya fi jawo jinkirin a jihohin Arewa.

Sashe na 131 na dokar tarayyar ya jero sharuɗɗa da alƙaluma. Mai nema ya kai shekara 25. Ya girmi yaron da aƙalla shekara 21. Ya zauna shekara 5 a jihar da yake neman. Ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarsa wata 12 kafin kotu ta yanke hukunci. Yaron kuma ya kasance a hannunsa wata 3 a jere gab da hukuncin. In mata da miji ne, dukansu su zama 'yan Najeriya. Namiji shi kaɗai ba a ba shi 'ya mace. Jihohi sun sassauta wani abu sun tsaurara wani, amma wannan ne ginshiƙin.

A duba abin da alƙaluman ke nufi ga mazaunin waje. Sharaɗin tazarar shekara 21 ya fitar da mai shekara 30 da ke son ɗaukar ƙanensa mai shekara 12, domin tazararsu 18 ce. Sharaɗin wata 3 na nufin barin aiki kwana 90, abin da ma'aikacin jinya ko direban babbar mota a Amurka ba ya samu cikin sauƙi. Wata 12 kuwa shi ne mafi ƙarancin jira, ko da komai ya tafi daidai.

Takardun da ke ruɓewa kafin a gama

Can ɓangaren Amurka akwai nasu lissafin kwanakin. Mai nema zai fara da takardar I-600A, wadda ke tabbatar da cewa ya cancanci riƙon yaro. Tare da ita sai rahoton jami'in da ya shiga gidansa ya duba ɗakuna da albashi da lafiya da tarihin aure, kuma rahoton kada ya wuce wata 6 da rubutawa ranar da aka miƙa shi. Hoton yatsu wata 15 yake yi ya mutu, amincewar hukumar shige da fice ma wata 15. Daga nan sai I-600, wadda dole a shigar kafin yaron ya cika shekara 16. Sai binciken I-604, inda ofishin jakadancin Amurka da ke Legas zai tantance ko yaron maraya ne bisa dokarsu. Sai gwajin likita, sai biza, ita ma ba ta wuce wata 6. Tun 14 ga Yulin 2014 kuma ba a yin wannan tafiya sai ta hannun hukumar da Amurka ta ba lasisi, ko da yaron ɗan ɗan'uwanka ne.

A haɗa lissafin biyu. Najeriya na son wata 12, amincewar Amurka na da rai na wata 15. Rarar wata 3 ce kawai. Yajin aikin ma'aikatan kotu ɗaya, ko sauyin alƙali, ko hutun shari'a, ya isa ya cinye ta, sai a koma neman ƙarin wa'adi da sabon hoton yatsu da sabunta rahoton gida. Haka shekara ɗaya ke zama uku.

A ɗauki misali. Wani mutumin Bauchi injiniya ne a Teksas, wansa ya rasu ya bar 'ya mai shekara 9. Mahaifiyarsu ta kira shi: "Kai ne ubanta yanzu, ka zo ka tafi da ita ta yi karatu." Ya ce, "To Hajiya, in Allah ya yarda bayan Sallah." Abu na farko da za a tambaye shi shi ne takardar mutuwar wan. Ya rasu a gida da hantsi, an yi jana'iza bayan azahar, ba wanda ya je asibiti ko ofishin hukumar ƙidaya. Na biyu takardar haihuwar yarinyar. Ungozoma ce ta karɓe ta. Katin rigakafi ya ce A'isha, rajistar firamare ta ce Aishatu, a ɗaya an bi ta da sunan uba, a ɗayan da sunan kaka, shekarar haihuwar kuma ta bambanta. Za a je kotu a yi takardar rantsuwa, amma takardar da aka yi makon jiya a kan haihuwar shekara tara baya ita ce irin wadda jami'in biza ya fi zargi, har ya iya neman gwajin jini na tabbatar da dangantaka. Na uku shi ya fi nauyi. Tunda uwar na raye, dokar Amurka na son a nuna ba ta iya kula da yarinyar, sannan ta rubuta cewa ta sallama ta har abada. Wace uwa ce a Bauchi ta fahimci "tafi da ita ta yi karatu" da wannan ma'ana? Bayan duk wannan, Legas na nesa da fiye da kilomita 1,000, kuma zuwa ɗaya ba ya gama magana.

Daga 43 zuwa 57

Matsalar injiniyan nan ta ƙasa ce baki ɗaya. Binciken 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Wani bincike na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF a 2021 ya sami kashi 57. An ci gaba, amma har yanzu fiye da yara huɗu cikin goma ba su cikin littafin kowa. Tushen abin shi ne inda ake haihuwa. A 2018 kashi 39 na haihuwa ne a asibiti a faɗin ƙasar, a Arewa maso Gabas, shiyyar Bauchi, kusan kashi 25. Wato haihuwa uku cikin huɗu a ɗaki ake yi.

Yaron da ba shi da rajista, illarsa biyu ce. Ɗan'uwansa na gaskiya ba zai iya tabbatar da dangantakarsu ba, ɓarawo kuwa zai iya yi masa sabuwar takarda da sabon suna, ta zama ita ce ta farko da ya taɓa samu.

103, 9 da 7

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Oktoban 2007 aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeshe ta ƙasar Chadi, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur. Bincike ya nuna mafi yawansu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. An yaudari iyayen da alkawarin makaranta. Kotun Injamena ta yanke wa Faransawa shida shekara 8 da aiki mai tsanani, Shugaba Idriss Déby ya yafe musu a Maris ɗin 2008. A Nijar kuma, shari'ar da ta ɓarke a 2014 kan jarirai kimanin 30 da aka ce an sayo daga kudancin Najeriya aka bi da su ta Benin ta taɓa manyan mutane, har da shugaban majalisa na lokacin, Hama Amadou, wanda ya musanta ya ce siyasa ce.

A Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka gano yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka kai Onica a jihar Anambra. An canza musu suna da addini, wasu har sun manta Hausa. A 2021 wata babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar shekara 104. A ƙarshen Disamban 2023 kuma rundunar ta Kano ta sake baje kolin wani gungu, aka kuɓutar da yara 7, yawancinsu daga Bauchi aka ɗauke su, an sayar da kowanne a kuɗin da bai kai Naira miliyan ɗaya ba. Cikin watan da Bauchi ke sa hannu a dokar kare yaranta ke nan.

Waɗannan yara ba waje aka kai su ba, amma jami'in da ke zaune a Landan ko Legas yana duba fayil labarinsu yake tunawa. Ya san yaron da aka sace a Bauchi na iya bayyana a wata jiha da takardar gidan marayu da rahoton 'yan sanda cewa tsintar sa aka yi. Jinkirin da mai gaskiya ke sha, bashin da masu wannan sana'a suka ci ne yake biya.

Dala 20,000 zuwa 50,000

Hukumomin Amurka na ƙiyasta kuɗin ɗauko yaro ɗaya daga waje tsakanin dala 20,000 da 50,000, haɗe da kuɗin hukumar da ke shiga tsakani, lauyoyi, jirgi da masauki. Kuɗin takardar gwamnati ɗan kaɗan ne a ciki, dala 920 tun Afrilun 2024. In aka ɗauki dala a kan Naira 1,500, mafi ƙarancin kuɗin ya kama Naira miliyan 30. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sai ya yi shekara 35 da 'yan watanni bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara su.

Irin wannan kuɗi in ya shiga ƙasar talakawa, shi ke haifar da dillalai, abin da ya faru a Guwatemala da Habasha ke nan. Ta ɗaya gefen kuma, miliyan 30 ɗin nan in aka raba ta Naira 50,000 a wata, za ta riƙe yara 10 tsawon shekara 5 a ɗakunan iyayensu mata. Wannan lissafi ne ya sa masu aikin kare yara da dama suka karkata ga tallafa wa iyali a inda suke.

Sulusi, da abin da riƙo bai rubuta ba

Ga Musulmin Bauchi akwai wata iyaka da ta riga duk waɗannan dokoki. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi sun hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kuma a kan haka ne Zaidu ya koma amsa sunan mahaifinsa Harisa. Riƙon maraya ibada ce babba, ɗaukar tsintacce kuma farilla ce a kan al'umma, amma yaron na nan da sunan ubansa, ba ya cin gadon mai riƙonsa, ba ya zama muharrami sai ta hanyar shayarwa. Abin da mai riƙo zai iya yi masa shi ne kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Wanda ya bar Naira miliyan 9 bayan biyan bashi, ɗan riƙonsa na iya samun har miliyan 3, in an rubuta ko an kafa shaidu. In ba a yi ba, ko kwabo ba shi da shi.

Dokokin duniya sun san da wannan tsari. Sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta tabbatar a 1991, ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta. Sai dai hukumomin shige da fice na Turai da Amurka sun gina bizarsu ne a kan yaron da aka yanke daga iyayensa na asali aka mayar ɗan wasu. A 2012 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta goyi bayan Faransa da ta ƙi mayar da kafalar wata yarinya 'yar Aljeriya zuwa cikakken ɗiyanci. Kanada ta daina karɓar yara daga Pakistan a 2013 saboda wannan saɓani. Musulmin da ke waje yana tsakanin abin da addininsa ya halatta masa da abin da takardar biza ke nema.

Riƙo irin na gida ya daɗe yana ɗauke wannan nauyi. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya nuna yadda mata ke karɓar 'ya'yan dangi tun daga yaye su rene su har aure. Ƙarfinsa shi ne ba ya jiran wata 12, rauninsa kuma shi ne ba shi da littafi. Ba a rubuta wa ya karɓi yarinya ba, ba a rubuta gonar da ubanta ya bari ba, ba mai zuwa ya duba ko makaranta take ko talla. 'Yar riƙon da ta koma 'yar aiki a gidan goggonta ba ta cikin kowane jadawali.

Kwana 7 da kwana 60

Yaran Bauchi da za su taɓa shiga jirgi ta hanyar kotu da biza 'yan ƙalilan ne, kuma yadda ƙofofi ke rufewa, raguwa za su yi. Lissafin da ya kamata jihar ta riƙa fitarwa duk shekara na gida ne. Jarirai nawa aka yi wa rajista a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 20? Mutuwa nawa aka rubuta? Gidajen marayu nawa ke da lasisi, yara nawa ke ciki, nawa aka mayar wa dangi? Tsintattu nawa aka samu, a hannun wa suke? Hukumar kula da marayu da marasa galihu ta jihar, BASOVCA, da ma'aikatar harkokin mata da ofishin UNICEF da ke cikin garin Bauchi su ne masu wannan aiki. Rajistar riƙo mai shafi ɗaya a wajen mai unguwa, da sunan yaro, sunan ubansa, sunan mai riƙo da dukiyar da aka bar masa, ba ta saɓa wa shari'a ba, hasali ma ita za ta tsare nasabar da shari'a ta ce a tsare.

Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ba iyaye kwana 60 su kai sunan jariri ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A Bauchi ranar kwana 7 ake raɗa suna, liman na zaune, wanzami na nan, dangin uwa da na uba sun hallara, ba kuma ranar da shaidun asalin yaro ke taruwa kamar wannan. In mai unguwa ya ɗauki sunan a ranar ya miƙa wa jami'in rajista na gundumarsa, akwai sauran kwana 53 na kammala takardar, kuma haihuwa uku cikin huɗu da ake yi a ɗaki za su shiga littafi ba tare da uwa mai jego ta taka ko'ina ba.